Maƙerin da Inde Ta Ba Ɗaki

Gemu ne ya ja mini, ba wani ba. Ranar kasuwar Gabi ce, rana ta faɗi muna wajen turken jakuna, lokacin magariba ya yi, liman bai zo ba. Mutane suka duba dama suka duba hagu, ba wanda ya kai ni gemu. Aka ce, "Lawali, bismilla." Da ni mai hankali ne, sai in ce tari nake yi. Amma dillalin jakuna bai san "ban iya ba" a bakinsa. Mutumin da ya taɓa sayar da jaki mai ido ɗaya, ya ce wa mai saye kunya ce ke sa shi rufe ɗayan, shi ne limanci zai gagara? Na shige gaba. Fatiha ta fita lafiya lau. Da na kama sura, sai na shiga ta ƙofar wata na fito ta ƙofar wata, na kewayo na dawo inda na fara, kamar akuya a turke. Mahaucin da ke bayana ya gyara mini, na karɓa, na sake ɓacewa. Daga nan ya daina gyara, ya koma gyaran murya irin wadda ake yi wa kare in ya doshi tukunya.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Tani, matata, ta ajiye mini tuwo, ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta yi ba tun muna amare, ta ce, "Sannu da aiki, Liman."

Tuwon bai ko huce ba na rantse cewa ƙafata ba za ta sake taka Gabi ba sai na iya karatu. Da ƙarfi na yi rantsuwar, don har bayan danga maƙwabta sun amsa da amin. Rantsuwar nan ita ta kai ni Madarumfa, makarantar Malam Shu'aibu, da shekara arba'in da ɗoriya a kaina. Ita kuma ta haɗa ni da Inde, wadda saboda ita na zauna yau nake jan alƙalami, tun da hannun ya ɗan fara jin magana.

Malam Shu'aibu ba ya hana kowa karatu. Na gaishe shi a zaure, na faɗi buƙatata, ya ce madalla, ba a tsufa da neman sani. Da na tambayi wurin kwana sai ya ɗaga hannu biyu kamar an nuna masa maciji. Ya ce, "Karatu nawa ne. Ɗakuna na Inde ne. Ko ni ba na sa baki."

Bayan gidan Malam, ta wajen tabki, akwai bukkokin ciyawa na manyan ɗalibai da suka zo daga nesa, bibbiyu ake zama. Wanda bai samu ɗaki ba yana iya shimfiɗa tabarmarsa ƙarƙashin tsamiya muddin rani ne. Amma ruwan farko na sauka, Malam zai sallame shi ya koma gida sai kaka, don ba ya yarda a kwanar masa a zaure. Ni kuwa da bazara na zo, kowace yamma gabas na haɗa rai. Ke nan ko in samu ɗaki, ko in koma Gabi in tarar da Tani ta durƙusa.

Na samu Inde a bakin ɗakinta tana tufkar igiyar kaba, ta ɗaura bakin igiyar a babban yatsan ƙafa. Gajeriyar tsohuwa ce, baƙa, hannuwanta kamar saiwar itace, ga fure ya rina mata haƙora.

Na ce, "Inna, barka da aiki."

Ta ce, "Barka kadai. Ɗanka ka kawo?"

"A'a, ni ne ɗalibin."

Ta ɗago ta dubi gemun, ba ni ba. Ta ce, "Daga ina?"

"Gabi."

"Af! Kai ne limamin?"

Na ce a raina, wannan labari ko doki aka ba shi? Ta ci gaba da tufkarta ta ce, "Kada ka ji komai. Ni ma da furfura na shigo salla. Bambancinmu, ni ban shiga gaba ba. To, ku su wane ne?"

Na ce mu Katsinawa ne kaka da kakanni, na fara jero mata.

Ta ce, "Ya isa. Je ka samo Banufe."

Na fito ban gane ba. Sai a gindin tsamiya waɗanda suka riga ni jira suka fayyace mini. Inde ba ta haɗa mutum biyu a ɗaki sai in akwai wasa a tsakaninsu. Babarbare da Bafillace, Bagobiri da Bayarabe, taubashi da taubashinsa, maƙeri da Buzu. Bakatsine kuwa sai Banufe. Na ce, "Banufe a Madarumfa? Sai dai in tafi Bida in ɗauro ɗaya a jaki." Suka ce to, sai ka yi sauri, ga hadari.

Dalilin wannan doka ban same shi ba sai daga baya, daga bakinta, lokacin da na zama mai riƙe mata bakin igiya. Inde ba 'yar gidan malamai ba ce. A wani ƙauye ne hayin tabki aka haife ta, cikin Anna masu addinin gargajiya, gidan maƙera, inda ake yanka wa uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, jan zakara kafin a taɓa aikin shekara. Tun ba ta iya ɗaura zane ba take zagin wani yaro Mato, ɗan ƙanen uwarta. Yana kiranta guntuwar turmi, tana kiransa mai kunnen faifai. Da suka girma aka aura masa ita, ba abin da ya canza sai dai yanzu a ɗaki ɗaya ake zagin. Ta ce mini baƙo in ya kwana gidansu sai ya yi zaton gobe aure zai mutu, alhali tsawon zamansu ko sau ɗaya ba ta yi yaji ba, bai kuma taɓa kwana da ita a ransa ba.

Ta ce, "Duk abin da ya taso da safe, kafin hantsi mun zubar da shi a tsakar gida. Mi zai rage a kwana da shi?"

Mahara ne suka kashe Mato, a hanyar Ɗan Issa, ya ɗauki hauyoyi zai kai kasuwa. Ɗiyarsu guda da ta rayu tana gidan miji. Aka nemi Inde da aure ta ce duk masu neman sun cika ladabi. Uwar Malam Shu'aibu ƙawarta ce tun suna 'yan mata a bakin tabki, da ciwo ya kwantar da ita Inde ta zo jinya da ƙullin kayanta, ta ce kwana kaɗan za ta yi. Ƙawar ta rasu, Inde ba ta koma ba. A nan ta koyi alwala, a nan ta fara salla, kuma har yau in Malam ya ɗaga murya takan tuna masa ita ta share masa majina.

A wancan lokaci Malam da kansa yake raba ɗakuna, yana haɗa mai kirki da mai kirki. Ya haɗa waɗansu 'ya'yan malamai biyu, masu kunya, kowane "gafarta" yake ce wa ɗan'uwansa. Ɗaya ya matsar da buzun sallar ɗaya, wancan bai ce komai ba. Wancan ya sha furar wannan, wannan bai ce komai ba. Haka suka yi ta tara wa juna kamar masu cika rumbu, rani guda cur, sai ranar da aka ji kokawa a ɗaki, ƙafar wani ta ture kaskon wuta. Kafin a kawo ruwa daga tabki rabin bukkokin sun zama toka, har da littattafan mutane. Washegari Inde ta shiga zaure ba sallama ta ce, "Shu'aibu, kai ka ji da tawada. Ɗakuna ka bar mini." Tun daga ranar ba a sake ɗaga wa wani hannu a bayan gidan ba, ko da yake mai wucewa in ya ji abin da ake faɗa wa juna ba zai ce makaranta ba ce.

To, ni a lokacin duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, gurbi ɗaya ne ya rage, a ɗakin wani Buzu mai suna Agali, wanda ya biyo ayarin gishiri ya tsaya karatu. Abokin zamansa, ɗan maƙeran Tasawa, ya tafi gida aure. Na je na leƙa ɗakin. Jinka sabuwa, ƙasa a daɓe, ƙofa tana duban yamma inda ruwa ba ya bugowa. Na dubi ɗakin, na dubi gabas. Na koma wurin Inde.

Na ce, "Inna, akwai abin da na manta ban faɗa miki ba. Ta wajen uba mu maƙera ne."

Ta ajiye igiya. Ta kama hannuna na dama ta juya shi ciki da baya, yadda ni kaina nake duba kofaton jaki. Hannun nan bai taɓa ɗaga abin da ya fi goro nauyi ba.

Ta ce, "Ka manta."

"Tsufa, Inna."

"Mutum ya manta ubansa. To, Allah ya kyauta. Ɗauki kayanka."

Na fito ina jin kaina ya kai rufin zaure. Na ce tsohuwar nan da ake tsoro, ai ko jakin nan mai ido ɗaya ya fi ta wuyar sayarwa.

Ina sa kai a ɗakin, Agali ya miƙe, dogo kamar giginya, ya naɗe fuska da baƙin rawani ba a ganin komai sai idanu. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya maido mini da bawana. Amma wannan ya tsufa, wa ya yi mini musaya?"

Harshena bai jira ni ba. Na ce, "Rufe baki, in kana da shi. Takobin da kake taƙama da shi wa ya ƙera maka? Ba don mu ba da ƙashin raƙumi za ku riƙa yaƙi."

Ya yi dariya har rawanin na rawa, ya ce, "Wannan ya fi na Tasawa. Shimfiɗa can, wajen da sauro ke shigowa."

Zaman ɗaki da mutum ba wasa ba ne, sai dai mu da wasan muka yi shi. Agali yana rufe furarsa da allona. Yana rataye takalmansa daidai inda hancina yake. Kayansa duk warin raƙumi, ga shunin rawaninsa ya ɓata mini farar rigata guda da na zo da ita don a san ni dattijo ne. Ni kuma, a cewarsa, ba na yin shiru ko ina barci, kuma na cinye masa cuku na ce ɓera ne. Da a Gabi ne wani ya yi mini rabin wannan, da an kai ga mai gari. A nan kuwa sai in ce masa ɓarawon hamada, ya ce mini ɗan gawayi, mu fita mu yi alwala a buta ɗaya. Karatun ma da zagi ya shige ni. In na karkace a sura sai ya ce, "Raƙumata ta haddace wannan, kuma ba ta da gemu." Don kada ya sake faɗa sai in zauna in yi ta biyawa har ta zauna. Abin da Malam ya kasa da lallashi, Buzu ya yi shi da cin mutunci.

Sai dai akwai wata doka da ban tambaya ba, don dillali in ya ga ciniki ya faɗa ba ya tsayawa jin sauran magana. Kowane ɗalibi da sana'ar gidansu yake yi wa makaranta hidima. Ɗan wanzamai shi ke yi mana aski, ɗan masunta shi ke kawo kifin miya, mai allura shi ke ɗinke rigar Malam. Wata safiya mun tashi daga karatu, sai ga Inde da dami a ka. Ta sauke shi a gabana, ya yi ƙara. Hauyoyin gonar Malam ne da fartanyoyi, wata ta dakushe, wata ta tsage, wata ta rabu da ƙotarta.

Ta ce, "Ruwa ya kusa. Na Tasawa shi ke gyara su duk shekara. Tashi in kai ka wurin ƙanena Gwamna, zai ara maka wuta."

Na ce, "Inna, hannun ya kwana biyu bai taɓa ba."

Ta ce, "Jini ba ya mantuwa. Ko shi ma ya tsufa?"

Agali ya ce lalle sai ya raka bawansa ya ga aikinsa. Sauran ɗalibai suka biyo baya. Kafin mu kai maƙerar Gwamna mun zama ayari.

Gwamna ƙato ne, damatsansa duk tabon wuta. Inde ta ce masa, "Na kawo maka ɗan'uwa daga Gabi." Ya ce maraba, ya matsa ya ba ni wuri, ya koma gefe ya harɗe hannu. Na dubi uwar maƙera, na dubi masaba da awartaki, duk na san sunansu, kamar yadda na san sunan Makka. Na ce a raina, bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Na zauna gaban zuga-zugi na kama bakin fatun nan biyu. Sau nawa na ga ana yi a kasuwa? Wannan hannu ya sauka, wancan ya tashi. Nawa hannuwan suka ce su tare suka zo duniya, tare za su sauka. Na danna, fatun suka yi tusa. Na ɗaga, suka zuƙo toka. Wutar da Gwamna ya bar mini ja wur ta fara yin fari tana lumshe ido.

Wani ɗalibi ya ce, "Ko ƙirar Gabi da sanyi ake yinta?"

Nan ne hankali ya bar ni. Na saki fatun, na durƙusa, na kai baki kusa da gawayi na shiga hurawa kamar mai dafa wake. Agali ya ce, "Kai, bari ubangijinka ya taimake ka," ya tsuguna ya danna zuga-zugin da ƙarfinsa duka. Wuta ta yi tsalle ta gaishe ni. Na ji ƙauri irin na babbakar kan rago, na duba in ga wa ke babbaka, ashe ni ne. Gwamna ya kama ƙeyata ya tsoma fuskata cikin kaskon ruwan da ake kashe ƙarfe a ciki. Da na ɗago, rabin gemun ya riga ni komawa ga Allah.

Dariyar da aka yi ba sai na faɗa ba. Inde kaɗai ba ta yi ba. Ta jira aka lafa, ta ce, "Lawali, ubanka mi yake yi?"

Na ce, baƙin ruwa na ɗiga daga hancina, "Dillancin jakuna."

"Kakanka fa?"

"Shi ya koya masa."

Ta ce, "To, ka san doka. Ba wasa tsakanin Buzu da dillali."

Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Na naɗe tabarmata, na ɗaure allo, ina lissafin yadda zan shiga Gabi da rabin gemu da rabin izu. Agali yana tsaye yana kallona. Na fito da kaya, ya biyo ni har bakin ɗakin Inde. Gwamna na nan zaune, ya kawo mata hauyoyin da ya fara gyarawa.

Agali ya durƙusa ya ce, "Inna, in kin kore shi wa zai zage ni? Kafin ya zo na yi wata ina magana da takalmina."

Ta ce, "Kai ka ƙone shi, yanzu kai ne mai ceto?"

"Abina ne, Inna. Mutum na iya ƙona abinsa."

Ta yi ta tufka kamar ba ta ji ba. Ɗigon farko ya faɗo mini a ƙeya. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Gwamna, mai yi maka zuga ba ya tafi noman ubansa ba?"

Ya ce ya tafi.

Ta ce, "Dokata ba ta karyewa. Maƙeri ne ke kwana da Buzu. Amma ni ɗiyar maƙera ce, Mato bai bar mini ɗa namiji ba, wanda na ce ɗana ne, ɗana ne. Wanga zai riƙa zuwa maka kullum in an tashi karatun safe, ya yi zuga har a cire amfanin gona. Wanda ya sha hayaƙin maƙera damina guda, Buzu na da ikon zaginsa. Ranar da ya yi fashi, tabarmarsa na gindin tsamiya." Sannan ta dube ni. "Mai da kayanka kafin su jiƙe."

Agali ya fizge tabarmar daga hannuna, ya ce bawa ba ya ɗaukar kaya gaban mutane da fuska irin wannan, abin kunya ne ga mai shi. Ruwan nan a cikin ɗaki ya same ni.

Damina ta wuce ina tsakanin allo da gawayi. Hannuwana suka koyi saɓa wa juna, suka yi kanta, gemun ya fito amma ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, har yau. Da kaka, wata rana ina riƙe mata bakin igiya, bakina ya sake yin abin da ya saba. Na ce, "Inna, in an duba da kyau ai ban yi miki ƙarya ba. Na ce ni ɗan maƙera ne, ga shi na zama. Riga gaskiya isowa kawai na yi. Ki dai yarda ranar nan na sha ki."

Ta ja igiyar har na yi gaba. Ta tofar da fure gefe ta ce, "Ka sha wa? Tun bazara Gwamna ke damuna in samo masa zuga-zugi. Ai fata ce fanko wadda ba komai cikinta sai iska. Kana buɗe baki na ce Allah ya kawo."